An Ce Aikina Zai Hana Ni Haihuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku, har da masu tsokanata wai amarci ne ya ɓoye ni tun ba a ɗaura ba. Ina fa amarci! Rubutun nan ma a tsaitsaye nake yin sa, in yi layi biyu in miƙe in leƙa taga, in dawo in rasa inda na tsaya.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Shamsiyya, 'yar Malam Haladu mai sayar da taki da irin shinkafa a kasuwar Haɗeja. Ina karatun digiri na uku a wata cibiyar bincike a Jamus. Na zo gida hutu ne, kuma don a sa ranar aurena da Munzali, wanda ya jira ni tun ina jami'a bai taɓa cewa ya gaji ba.

Dole in ɗan yi muku bayanin aikina, don shi ne ya jawo komai. Akwai wata irin tashar lantarki da masana ke ta faman ginawa, wadda za ta riƙa ba da wuta kamar yadda rana ke samar da tata. Zafin cikinta ya wuce misali, don haka bangonta na ciki sai an yi shi da tangistin, ƙarfen nan da ake yin siririn zaren cikin tsohon ƙwan lantarki da shi. Ba ya narkewa da wasa, amma yana da aibi. Idan aka yi hatsari ruwan sanyayawa ya tsaya, iska ta shiga, sai ya yi tsatsa, tsatsar ta tashi kamar hayaƙi ta bi iska da gubarta. Mu kuma sai muke cuɗa garinsa da garin wani ƙarfe, kuromiyom, da ɗan itiriyom kamar gishirin miya, mu gasa, don in iska ta taɓa shi ya yi wa kansa ɓawo ya rufe. Wannan an samu. Abin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa shi ne liƙa shi a jikin baƙin ƙarfen da zai riƙe shi. Da zafi ya taso sai baƙin ƙarfen ya fi shi buɗewa, mahaɗar ta tsage. Waɗanda suka tsage a hannuna ba sa ƙirguwa. Kafin in taho na gwada wata dabara, na shimfiɗa jan ƙarfe mai laushi a tsakaninsu, na bar su a tanderu ana zafafawa ana hucewa, Farfesarmu ta ce za ta sanar da ni yadda aka ƙare.

Ranar da na yi wa Umma wannan bayani, kallona ta yi ta ce, "Wato dai walda kika je yi Turai."

To ranar Laraba da hantsi ina gindin darbejiyar tsakar gidanmu, don nan ne kaɗai sabis ke kamawa, na ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Ba saƙon Farfesa. Na shiga ɗaki, na fito, na sake dubawa. Umma tana tsintar shinkafa a faifai ta ce, "Ke dai ko kaza mai neman wurin ƙwai ta fi ki natsuwa. Asabar ɗin nan iyayen Munzali za su zo sa rana, ko lalle ba ki yi ba."

Ba ta rufe baki ba Gwaggo Kulu, yayar Baba, ta faɗo gidan. Sallamar ma a tsakiya ta yanke ta. Gyalenta a kafaɗa, takalmi duk taɓo.

"Uwa, ina mijinki?"

"Yana kasuwa, Yaya. Lafiya?"

"Lafiyar ke nan. Mutanen gidan Ya Mairam ba za su zo ranar Asabar ba. An ɗaga."

Ya Mairam ita ce mahaifiyar Munzali. Mahaifinsa ya rasu, ita ke riƙe da gidan, kuma ko kawunnansa ba sa ɗaga ƙafa sai ta ce.

Umma ta ajiye faifan a hankali. "An ɗaga zuwa yaushe?"

"Wa ya sani? A gidan sunan jikar Aishatu maƙwabciyata na ji. Ina shiga na tarar mata sun haɗa kai suna miƙa wa juna waya, suna ganina aka yi tsit. Sai da na ritsa ɗaya a bakin randa ta faɗa mini." Ta juyo ta nuna ni da baki. "Wai aikin da wannan take yi na nukiliya ya ƙone mata mahaifa. Wai ba za ta haihu ba."

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, dariya ce ta ƙwace mini.

"Au, dariya ma kike?" Gwaggo ta tafa hannu. "Uwa, kin gani ko? Tun ranar da za ta tafi na ce, mace da wasa da wuta ina aka taɓa yi? Ga asibiti, ga koyarwa, duk ba su yi mata ba sai ƙira!"

"Gwaggo, wallahi ban taɓa taɓa wani abu mai tururin nukiliya ba. Garin ƙarfe ne da tanderu. Mai gasa burodi ya fi ni shan hayaƙi."

"Ni kike gaya wa? Je ki bi gari gida-gida ki faɗa. Magana in ta fita ba ta komawa. Abu ɗaya ne, ki ce kin bar aikin, kowa ya ji, a zo a sa rana. Takardar da kike da ita ta ishe ki cin abinci har ki mutu."

Ta yi faɗanta ta sha ruwa ta tafi kasuwa neman Baba. Faɗan Gwaggo bai taɓa ni ba, na saba. Abin da ya karya ni shi ne bayan ta fita. Umma ta biyo ni ɗaki, ta zauna a bakin gado, tana gyara zanen gadon da ba abin da ya same shi. Can ta ce, ba ta kalle ni ba, "Shamsiyya, al'adarki dai tana zuwa daidai ko?"

Kun ji fa. Ummata.

Na ce, "Tana zuwa, Umma."

Ta ce, "To alhamdulillahi," ta tashi ta fita. Na ji ta a madafi tana jan hanci.

Na koma gindin darbejiya na rubuta wa Munzali: "Me nake ji?"

Na ga ya buɗe saƙon. Na zagaya bishiyar, na dawo.

"Ina bakin jingar gonarmu, ruwa ya ƙaru. Zan kira ki, Dakta."

"Ba kira nake so ba. An ɗaga ko ba a ɗaga ba?"

Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Abin da ya iso shi ne: "Ki kwantar da hankalinki."

Duk macen da aka taɓa ce wa ta kwantar da hankalinta ta san abin da na ji. Na zari hijabi, na ce wa ƙanwata Bushira ta raka ni.

Keke mai ƙafa uku ya kai mu har inda hanya ta ƙare, muka hau kan jinga da ƙafa. Wanda bai san fadamar Haɗeja da ƙarshen damina ba, ba zai gane ba. Hagu ruwa ne ja-ja-jur yana tafe da ciyayi, ya kusa kai bakin jingar. Dama kuma shinkafa ce kore shar, ta fara fitar da kai, iya ganinka. Ciyawar kachalla ta toshe magudana, ruwan ya rasa hanya sai neman gonakin mutane. Can na hango shi cikin masu jera buhunan ƙasa, wando naɗe har gwiwa, tsohuwar rigar ƙwallo, hular kaba. Yana ganina ya saki buhun da ke kafaɗarsa.

"Subhanallahi, Dakta, nan kika biyo ni? Kalli takalminki."

"Bar takalmina. Munzali, daga ina maganar nan ta fito?"

Ya san in na kira sunansa ba lafiya. Bushira ta matsa gefe ta shiga kallon masu kwale-kwale. Ya cire hula, ya share goshi, ya mayar.

"Kin tuna hoton da kika turo mini kwanakin baya? Wanda kike da farar riga da safar hannu da tabarau?"

Na tuna. A ƙofar ɗakin na'urar da muke haska ƙarfe muka ɗauka, irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. A jikin ƙofar akwai alamar gargaɗi, ruwan ɗorawa da baƙin fuka-fukai uku.

"Na sa shi a guruf ɗin danginmu," ya ce. "Wallahi don alfahari na yi. Na rubuta, ga surukarku mai aikin nukiliya. Sai wani ɗan kawuna ya zagaye alamar nan da jan layi, ya turo wasu hotuna na jarirai daga wata ƙasa da aka yi hatsari. Kafin in goge an kai wa Ya."

Na tsaya ina kallonsa. Gari guda ana ta yawo da mahaifata a baki, ashe daga wayar wanda zai aure ni abin ya fito.

"Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

"Tun kafin in sauka?"

Ya gyaɗa kai yana kallon ƙasa.

"Ka tarye ni a Kano, ka saya mini kilishi, muka yi ta hira har Haɗeja, kana sane?"

"Na zaci zan shawo kanta kafin Asabar. Ban so ki ji ba."

"To na ji. A bakin Gwaggo Kulu na ji, a gaban Ummata."

Wani ya ƙwala masa kira daga ƙasa, wai ruwa ya fara tsiyaya ta gindin buhuna. Ya waiga, ya juyo, ya sake waigawa. Duk fushina sai da ya ba ni tausayi. Noman shekara guda ne a bayansa, ni kuma a gabansa.

"Ki ji, Shamsiyya. Ya ba ta ƙi ki ba, tsoro take ji. Ta ce tana so ta ji daga bakinki. Ki je gobe bayan Azahar ki ce mata ba kya taɓa abin, ba kya zuwa kusa da shi. Ai gaskiya ce, ko ba haka ba?"

"Gaskiya ce."

"Shi ke nan. Ki faɗa mata haka, Asabar tana nan."

Ya ruga wurin buhunansa. Muka juyo, Bushira tana cewa, "Yaya, wallahi da ni ce sai ya yi sati yana ba ni haƙuri."

Washegari tun safe gidanmu ya zama kamar ana shirin kai amarya. Na ɗauko atamfata shuɗiya mai ɗinkin doguwar riga, Bushira ta ce ina, gidan Barebari za ni, laffaya zan sa. Ta aro mini wata ruwan zuma mai ɗigon zinare a maƙwabta. Ni da na saba da wando da rigar sanyi, naɗa ta ya zama aiki. A naɗa ta zame, a soke fil ya soke ni. Umma ta fito da humrarta ta ƙasan akwati ta shafa mini a wuya da bayan kunne, ta tsugunar da ni a kan kaskon turare har sai da na yi tari. Ta haɗa mini alkaki da dubulan a kwano mai murfi. Gwaggo Kulu ta zo tun kafin Azahar ta kafa kujera a tsakar gida, ta ce nan za ta jira sakamako.

"Ki sunkuyar da kai, ban da dogon Turanci. In ta ce ki bar aiki ki ce to. Daga baya a san yadda za a yi."

Muna cikin Keke, daidai wurin masu kifi banda, wayata ta yi ƙara. Na zaci Munzali ne. Farfesa ce.

Bari in fassara muku yadda ta rubuta: "Shamsiyya, albishirinki. Mun fito da su, mun yanka, mun duba. Mahaɗar ba ta tsage ba, ko ɗaya. Ɓawon ma ya rufe yadda muke so. Na turo miki hotuna. Yanzu saura babban gwaji. Za a kai su wata tasha a sa su cikin tururin nukiliya na gaske na tsawon watanni, sannan a duba su a ɗakin da ake ajiye irin waɗannan. Na ba da sunanki ki jagoranci aikin. Shekara biyu ne bayan kin gama. Ina buƙatar amsa kafin ƙarshen mako."

Na buɗe hoton. Ga wanda bai sani ba, layi uku ne kawai, toka-toka da ja da baƙi. Ni kuwa na ƙura masa ido ina neman tsaga, daga wannan gefe zuwa wancan, na ƙara girmansa, na sake bi. Babu. Sumul. Sau nawa na tsaya gaban na'ura ina kallon tsaga kamar ƙasar fadama da rani, in fita waje cikin sanyi in yi kuka in dawo? Na ce "Alhamdulillahi" da ƙarfi har mai Keke ya waigo.

Sai kuma na sake karanta maganar tururin nukiliya, na tuna abin da zan je in faɗa wa Ya Mairam.

"Yaya, lafiya? Kin yi wani iri."

"Ba komai."

Na danna lambar Munzali, tana ta ringin bai ɗauka ba. Kafin in sake kira mai Keke ya taka birki, mun iso.

Ɗakin Ya Mairam ƙamshi ne ke fara yi maka maraba tun daga zaure. Darduma mai laushi, jeren kwanuka a kabad, kaskon turaren wuta a lungu. Tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, doguwa, baƙa, da tsagen Barebari a kumatu da carbi a hannu. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, laffayar ta zame daga kaina, na kamo ta da sauri. Na ga bakinta ya ɗan motsa.

"Wa ya naɗa miki wannan?"

"Ƙanwata ce, Ya."

"Matso."

Da hannunta ta warware ta sake naɗa mini, ta ja nan ta soke can, ba fil ko ɗaya, ta zauna daram. Ta sa aka shiga da Bushira wurin 'yan matan gidan. Muka rage mu biyu.

"'Yata, na san ana cewa tsohuwa ta ga hoto a waya ta rikice. Ba hoton ba ne. Alamar ce. Na san ta tun ba a haife ki ba."

Ta ja carbi kaɗan.

"Ina da ƙane, Mala. Uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da tafki ya janye, sana'ar su ta mutu a garinmu, sai ya bi 'yan uwansa can cikin Sahara, wurin da ake haƙo wannan dutse na nukiliya. Ya dawo da rediyo da keke da akwatin ƙarfe, a jikin akwatin akwai wannan alama. Muka yi ta murna. Muka yi masa aure. Matarsa ta yi ciki ya zube, ta sake ya zube. Wanda ya zo da rai bai kai suna ba. Sannan shi kuma tari ya kama shi. A ɗakin can na waje na yi jinyarsa, ina tara masa kwano, har Allah ya karɓi abinsa. Ban ce aikin ne ba, Allah ne masani. Amma ni na riƙe kwanon."

Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Duk jawabin da na shirya a kan hasken asibiti da tanderu ya bi iska.

"Munzali shi kaɗai ne namiji a wurina," ta ce. "Ba dukiyarki nake so ba, ba karatunki ba. Tambaya ɗaya zan yi miki, tsakaninki da Allah. Kina zuwa kusa da abin nan?"

'Yan uwa, ga amsa a bakina, wadda jiya ma gaskiya ce. In ce a'a, a kawo goro ranar Asabar, Umma ta daina kuka a madafi. Wayar tana cikin jakata a kan cinyata, ina jin nauyinta kamar dutsen niƙa.

Na ce, "Ya, har zuwa yau ban taɓa zuwa kusa da shi ba. Wannan alamar ta ɗakin haske ce irin na asibiti. Lafiyata ƙalau, duk likitan da kike so a je." Na dafa jakata. "Amma yanzu a hanya aka aiko mini. Abin da na haɗa ya yi kyau, za a gwada shi da tururin na gaske, kuma ni ake so in duba. Shekara biyu."

Carbin ya tsaya.

"Za ki taɓa shi?"

"A'a. Yana cikin wani ɗaki mai bangon dalma, da gilashi mai kaurin gaske. Mutum yana waje yana juya hannuwan inji. Kuma akwai ɗan abin da ake maƙalawa a riga, yana auna ko wani abu ya taɓa ka."

"Mala ma an ba shi ɗan abin maƙalawa."

Na ce, "Aikin nawa, Ya, don kada irin wannan guba ta fita ta sami mutane ne. Shi ne dalilinsa gaba ɗaya."

"Na ji. Ke kina son zuwa?"

"Ina so."

Sai ta ɗaga murya kaɗan ta ce, "Ka ji da kunnenka, sai ka shigo."

Labule ya motsa. Munzali ne, da farantin lemo da ruwa a hannu, ya yi wanka ya sa farar shadda. Ban san tun yaushe yake tsaye ba, amma fuskarsa ta gaya mini. Ya ajiye farantin a gabana kamar mai ajiye ƙwai, bai dube ni ba.

Ya Mairam ta ce, "Yarinyar nan ba ta yi mini ƙarya ba, wannan na shaida. Sauran kuma ban san me zan ce ba. Ku tashi ku je."

Ya raka mu bakin titi, Bushira a gaba. Sai da ya tsayar da Keke ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Shekara biyu."

"A hanya saƙon ya shigo. Na kira ka, duba wayarka."

"Ba shi na ce ba. Ta tambaye ki kina so, kika ce kina so. Ba ki ce sai na yi shawara da Munzali ba."

"Tambayata ta yi abin da ke raina."

"Na sani. Shi ne ai na ji." Ya biya mai Keke, ya ja da baya. "Ruwa na jirana. Ku gaida Umma."

Ko waiwaye bai yi ba.

A gida kuwa, ina gama faɗa Gwaggo Kulu ta ɗora hannu a ka ta hau salati. "An ba ki tsani kin ture! Wace irin yarinya ce ke? Kalma ɗaya, a'a, ta gagare ki?" Umma kuwa ta ɗauki buta ta zagaya, ta daɗe ba ta fito ba. Baba da ya dawo daga La'asar ya zauna a kan tabarmarsa ya saurari 'yar uwarsa har ta gaji, sannan ya kira ni.

"Aikin nan, in ba ki je ba, wani zai yi?"

"Zai yi, Baba."

"To me ya sa sai ke?"

"Ni na haɗa shi, Baba. In ya tsage ina so in ga inda ya tsage."

Ya gyaɗa kai. "Yaron nan kuma fa?"

"Shi ma ina son sa."

"To ai kin ɗauko da nauyi," ya ce. "Ba zan ce ki ajiye ko ɗaya ba. Amma kada ki bar shi ya riƙa jin labarinki a bayan labule."

Na koma gindin darbejiya da laffayata, ban ma tuna in cire ba. Na rubuta wa Munzali doguwar magana, na goge. Na rubuta gajeriya: "Farfesa na jiran amsa. Zan ce mata zan zo, amma ba na so in faɗa kafin ka ji. Ba na so kuma in je ba da aurenka ba. Ka yi mini magana." Ya buɗe nan take. Na jira. Na zagaya tsakar gida, na kwashe shanya, na ninke, na dawo. Ba rubutu, ba kira. Rana ta yi ja, tsuntsayen jan baki suka fara wucewa garke-garke zuwa fadama.

Ku zage ni in kun ga dama, na san wasunku za su yi. Na buɗe saƙon Farfesa na rubuta, "Na gode. Zan zo." Na yi bismillah na tura.

Ban sauke wayar ba na ji ƙarar Keke a ƙofar gida, sai sallama da wata murya mai nauyi da ban taɓa ji a gidanmu ba. Gwaggo Kulu ta miƙe har kujera ta faɗi. Ya Mairam ce, matar da ake cewa tun rasuwar mijinta ko biki sai dai ta aika. Umma ta fito da gudu tana neman darduma.

"Bar shi, Uwa, ba zama zan yi ba, Magariba ta kusa." Ta gaisa da Baba daga tsaye, sannan ta juyo gare ni. "Ke, akwai abin da na manta ban tambaye ki ba. Inda Mala ya yi aiki ban taɓa ganin sa ba, labari kawai aka ba ni, na yarda. Ba zan sake yarda da labari ba. Na je Makka, na je saro kaya ƙasashe, jirgi ba baƙona ba ne. Wannan ɗakin naku mai gilashi, ana barin tsohuwa ta tsaya ta gani da idonta?"

Na ce, "Ana kai baƙi, Ya. Sai an nemi izini, amma ana kaiwa."

"To ki nema."

Ta gyara laffayarta ta juya. Na bi bayanta har zaure, ina leƙen kafaɗarta, don na tabbata Munzali ne ya kawo ta, yana waje ya jingina da bango yana jiran in fito.

Ba kowa a ƙofar gidan sai mai Keke.